Aksul na Hilux ko na Land Cruiser a tsohuwar Peugeot 504?

Duk wanda ya ɗora wa tsohuwar 504 injin dizal mai ƙarfi a Garwa ta arewacin Kamaru, dole ya sake duba aksul na baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya yana juya su. Na Land Cruiser, wanda babban giyan da ke cikinsa yake da faɗin inci 9.5, ba ya jin kaya ko ramukan hanyar Kusiri. Amma nauyi gare shi, yana ƙara shan mai, kuma mai walda zai sha aiki kafin ya zauna daidai a kan sifirin.

Na Hilux inci 8 ne. Ni shi nake so. Bai kai wancan nauyi ba, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu ko a Marwa. Sai dai mai lodin buhunan albasa kullum, gara ya ɗauki na Land Cruiser.