Gmail a wayar hannu: abin da ya dace ɗan Maraɗi ya sani kafin ya buɗe imel na farko

Duk wanda ya sayi sabuwar Tecno, Itel ko Infinix a Maraɗi, tun bai bar bakin shago ba wayar za ta nemi akwatin Google, wato adireshin Gmail da kalmar sirrinsa, domin Play Store, inda ake sauko da WhatsApp da makamantansa, ba ya buɗuwa sai da shi. Shi ya sa mutane da dama suke da Gmail alhali ba su san adireshinsu ba. Gmail ya fito a 2004, kyauta ne, kuma a ganinmu shi ya fi dacewa da mai farawa a wayar Android. Amma yana da wani rauni babba, kuma raunin ya fi cizo a irin yadda muke ma'amala da layukan waya a nan.

Buɗewar ba ta da wuya. A wayar da aka saita da Faransanci, a shiga Paramètres, a nemi Comptes, a taɓa Ajouter un compte, a zaɓi Google, sai Créer un compte, a ce na amfanin kai ne. Za a nemi suna, ranar haihuwa, adireshin da ake so, da kalmar sirri. In rezo na da kyau, minti goma sun isa, kuma mega kaɗan yake ci. Kafin a fara a duba kwanan wata da agogon wayar: in sun karkace, tana iya cewa ta kasa haɗuwa da Google, mutum ya yi ta zargin kamfanin layi a banza.

Wajen ranar haihuwa a sa abin da ke kan katin ɗan ƙasa. Dattawan da takardarsu ta nuna shekara kawai su zaɓi rana ɗaya su rubuta ta a ajiye. Wanda ya danna shekara da ka har ta nuna bai kai 13 ba, ba za a ba shi akwati na kansa ba sai ta hannun iyaye.

Adireshi yana ɗaukar harafi 6 zuwa 30: baƙaƙen boko, lambobi da ɗigo. Ba ya karɓar ƙ, ɗ, ɓ, ko é ta Faransanci. Ɗigon ma Gmail ba ya lissafa shi, don haka in wani ya riga ya ɗauki sunan, ƙara ɗigo a tsakiya ba zai fisshe ka ba. Da yake masu suna Mahamadu da Ibrahim ba su ƙirguwa, kusan kullum za a ce an riga ka. Haɗa sunanka da na mahaifinka da lamba biyu. Ka tuna wannan adireshin ne za ka rubuta a takardar neman aiki, ko rajista a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko neman karatu a Faransa ta Campus France. Laƙabin da abokai ke kiranka da shi a fada bai dace da nan ba. Ka gwada faɗin adireshin da baki: in sai ka maimaita sau uku kafin a gane, sauya wani.

Kalmar sirri aƙalla harafi 8 ce. Lambar wayarka ko shekarar haihuwarka su ne abin da kowa zai fara gwadawa. Kalmomin Hausa uku da ba su da alaƙa da juna, da lamba a tsakani, sun fi ƙarfi kuma sun fi sauƙin tunawa. A rubuta a littafi a ajiye a gida tare da takardun haihuwa, ban da bayan murfin waya.

Sai batun lambar waya, wanda shi ne zuciyar maganar. Google kan tura wa layinka kod, wato saƙo mai lamba shida da G- a gabanta, don tabbatarwa. A jerin ƙasashe Niger da Nigeria suna maƙwabtaka kamar yadda suke a ƙasa, yatsa kuma yana zamewa. Namu +227 ne da lamba takwas, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms. Masu zirga-zirga ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina sukan riƙe layin +234. In da shi za a yi, a cire sifirin farko, kuma a san cewa saƙo yana iya jinkiri in layin ya tsallako iyaka. In kod bai zo ba, a dakata ƴan mintuna. Yawan danna neman sabo yana sa a rufe ƙofar na wani lokaci.

Ga yadda abin ke lalacewa a gaban tebur. Hajiya ta miƙa sabuwar waya ta ce, "Ɗana, sa mini WhatsApp." Yaron shago ya ce, "To Hajiya, yanzun nan." Layinta bai shiga wayar ba tukuna, sai ya sa tasa lambar don sauri, ya ƙirƙiro kalmar sirri, ya miƙa mata waya tana aiki. Ba mugunta ya yi ba, taimako ne. Amma makullin ɗakin yana aljihunsa. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, kod ɗin dawo da akwati wayarsa zai tafi, in ma yana riƙe da layin. Ita ma lamba ɗaya tana da iyakar akwatunan da za ta tabbatar, shi ya sa wani lokaci za a ga saƙon cewa an yi amfani da lambar da yawa. In dole sai an buɗe maka, ka tsaya a kai: layinka, kalmar sirrin da ka zaɓa, adireshi a rubuce a takarda kafin ka tashi.

A nan ne muke ganin gazawar Gmail. Mai akwatin kyauta ba shi da ofishin da zai je ko lambar da zai kira ya yi bayani. Shafin dawo da akwati na'ura ce ke yanke hukunci, tana duba tsohuwar kalmar sirri, lambar da aka sa, da wayar da aka saba shiga da ita. In duka sun ɓace, da wuya a dawo. Ga kuma kullen da Android ke yi tun daga 5.1: in aka wanke waya, wato aka goge komai da ke cikinta, ta bayan fage ba a cire akwatin ba, za ta tsaya cak tana neman tsohon adireshi da kalmar sirrinsa. Mai sayen waya ta hannu ya sa mai sayarwa ya cire akwatinsa a gabansa kafin kuɗi su fita. Layin da aka yar ya daɗe kuma kamfani na iya ba wani, don haka duk ranar da aka sauya lamba a shiga Sécurité a cikin akwatin Google a gyara ta.

Abin yabo kuwa akwai shi. Lambobin mutane da aka ajiye cikin akwatin suna dawowa da kansu a sabuwar waya, kuma ga ɗan kasuwa wannan kaɗai ya biya wahalar. Ana iya haɗa takarda har mega 25 a wasiƙa ɗaya, wanda ya ishi hoton diploma da katin ɗan ƙasa. Tace wasiƙun banza yana aiki sosai, har yakan wuce gona da iri: mai jiran amsar makaranta ya riƙa leƙa Spam, don abin da ya kwana 30 a can gogewa yake.

Wurin ajiya giga 15 ne, amma na tarayya ne da Drive (ma'ajiyar takardu ta Google) da Google Photos, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta Android ma a ciki take. Bidiyon biki da na wa'azi sukan cika shi, in ya cika kuwa wasiƙa ba ta shiga ba ta fita. A cire bidiyo daga ajiyar WhatsApp, a hana Photos ɗora hotuna da megan layi.

Akwai wasu imel ban da Gmail: Outlook ma kyauta ne, Proton Mail na Suwizalan ya fi tsare sirri amma wurinsa ƙarami ne, kuma babu ɗayansu da ke buɗe Play Store shi kaɗai. Sun fi amfani a matsayin adireshi na biyu da za a sa don dawo da na farko. Akwatin Google da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba ana iya share shi, ƙa'idar da ta fara aiki a Disamban 2023, don haka wanda ya buɗe don rajista ɗaya kawai ya riƙa shiga lokaci-lokaci, ko da buɗe wasiƙa guda ce.