Kafin Ka Sayi Ƙwan Lantarki, Dubi Lumen Ɗinsa

Yawancin masu sayen ƙwan lantarki wat nawa ne suke tambaya, alhali kuwa wat wutar da ƙwan yake ci kawai yake nunawa. Ma'aunin hasken kansa shi ne lumen, wanda ake rubutawa a jikin kwali da haruffan lm.

Tsohon ƙwai mai zare a ciki ya fi kowanne araha, amma mai wat 60 lumen 700 zuwa 800 yake bayarwa, domin kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ja zafi take zama, kuma da wuya ya wuce awa 1,000 bai mutu ba. Ƙwai mai murɗaɗɗen bututu, wato CFL, yana ba da wannan hasken da wat 13 zuwa 15, sai dai ba ya cika haske nan take, kuma akwai zaiba a cikinsa, saboda haka fashewarsa a ɗakin yara abin kaffa-kaffa ne. Shi kuwa ƙwan zamani da ake kira LED, wat 8 zuwa 10 sun ishe shi, kuma nagarinsa yakan kai awa 15,000 ko fiye.

Hanyar kwatantawa ita ce a raba lumen da wat. Mai zare yakan tashi wajen 13, LED mai kyau kuwa 80 zuwa 100. Ga mai sola ko ƙaramin janareta wannan ba ƙaramin lissafi ba ne, domin ƙwai biyar masu zare masu wat 60, wat 300 suke ja, LED biyar masu wat 9 kuma 45 kacal.

Inda ake yin kitso da ƙwarƙwata shi ne kwalin da ya rubuta wat da manyan lambobi amma bai ambaci lumen ba. Irin wannan ni ban yarda da shi ba, komai arharsa. Idan mai shago ya amince, a kunna ƙwai biyu ɗaya bayan ɗaya a gwada su da manhajar auna haske ta waya, wadda take ba da lamba da ma'aunin lux. Ba ta kai na'urar ƙwararru ba, amma takan nuna wanda ya fi, muddin tazarar ɗaya ce, domin idan an ninka nisa hasken yana komawa kashi ɗaya bisa huɗu.

Lambar da take ƙarewa da K launi take nufi: 2700K ruwan ɗorawa ne mai daɗi a ɗakin kwana, 6500K kuwa fari fat, wanda ya fi dacewa da shagon tela.