'Yar jami'a mai shekara 22 da yayanta mai shekara 25: wa za a iya sa wa a takardar harajin Amurka?

Hajiya, na ga tambayarki a zaure, kuma na ga amsoshi sun rabu biyu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta a tsanake. Kin ce ke kaɗai kike riƙe da gida. 'Yarki mai shekara 22 tana jami'a, tana kwana a makaranta, kuma ta samu kusan dala 11,000 a aikin da take yi bayan darasi. Ɗanki mai shekara 25 ya gama karatu, yana gida tare da ke, ya samu wajen dala 8,000 a aikin kai saƙo. Kina so ki san wanda za ki iya rubutawa a takardar haraji, wato fam 1040, na shekarar 2025 a matsayin wanda yake ƙarƙashin kulawarki.

Amsar a taƙaice: 'yar ta shiga, ɗan bai shiga ba, duk da cewa ita ta fi shi samu kuma shi ne yake kwana a gidanki kullum. Na san abin yana da ɗaure kai. Dalilin shi ne hukumar haraji ta IRS ƙofa biyu ta buɗe, ƙofar 'ya'ya da ƙofar dangi, kuma mai gadin kowace ƙofa tambayarsa daban ce.

A ƙofar 'ya'ya shekaru ake fara tambaya. Sai yaro bai kai 19 ba a ranar ƙarshe ta shekara, ko kuma bai kai 24 ba idan ɗalibi ne na cikakken lokaci a cikin wata biyar na shekarar. Ba lallai watannin su jeru ba, kuma ko wani ɓangare na wata ya isa a ƙirga shi. Saboda haka wanda ya yi karatu daga Janairu ya kammala a Mayu, ɗalibi ne a wannan shekarar. Sai kuma ya zauna tare da ke fiye da rabin shekara, amma zaman makaranta ana ɗaukarsa a matsayin tafiya ta ɗan lokaci, kamar tana gida ne. A wannan ƙofa ba a tambayar nawa yaro ya samu. Abin da ake tambaya shi ne: shin shi da kansa ya ɗauki fiye da rabin nauyin kansa? In bai ɗauka ba, ya wuce.

A ƙofar dangi babu ruwan kowa da shekaru, ko ɗanki ya kai 40. Ba kuma sai yana zaune a gidanki ba. Amma nan kuɗin da ya samu shi ne alƙali: a 2025 dole samunsa na shekara ya gaza dala 5,200, a 2024 iyakar dala 5,050 ce. Sannan ke ce za ki zama wadda ta ɗauki fiye da rabin nauyinsa. Ɗanki ya wuce 24, ƙofar farko ta rufe masa, kuma dala 8,000 ta haye iyakar ta biyu. Ko da ke ce kike biyan haya da abinci da wutar da yake cajin waya, ba zai shiga ba. Kuɗin da gwamnati ke ba wanda ya rasa aiki ma ana ƙirga shi cikin samun. Hanya ɗaya da babba ke komawa ƙofar farko ita ce idan yana da naƙasa cikakkiya mai ɗorewa, a nan shekaru ba sa hana shi.

Ki lura da bambancin tambayar nauyi a wurare biyun, domin nan mutane suka fi rikicewa. A kan 'yarki ba a ce sai ke kika biya rabi ba. Ko kawunta ne ya biya, ko wani ɗan'uwa, muddin ba ita ce ta biya fiye da rabi ba, ta cika sharaɗi. A kan ɗanki kuwa da a ce samunsa bai kai iyaka ba, sai an ga cewa daga aljihunki fiye da rabin ya fito.

Yanzu ki ɗauki takarda ki yi wa 'yar lissafi, kada ki tsaya a kan zato. Nauyi ya haɗa da wurin kwana bisa kuɗin hayar da irin ɗakin zai kai a unguwarku, da abinci, sutura, magani, sufuri da kuɗin makaranta. Abin da ta samu ta ajiye a banki ba a ƙirga shi, sai wanda ta kashe wa kanta. Tallafin karatu da makaranta ta ba ta kyauta shi ma ba a ɗauka cewa ita ce ta biya wa kanta. Amma bashin karatu da ta ci da sunanta, wannan nata ne. Yarinyar da ta ci bashi mai yawa ta biya makaranta, ta haɗa da albashinta ta biya ɗaki, tana iya haye rabi ba tare da uwa ta sani ba. Wannan wurin ne nake so ki bincika da kyau kafin ki sa hannu.

To mene ne ribar sa ta? Mutane da yawa har yanzu suna tuna lokacin da ake cire wa mutum dala 4,050 daga kuɗin da za a yi wa haraji a kan kowane kai. Wannan ya tsaya tun daga 2018, bayan dokar haraji ta 2017. Babban rangwamen yara, dala 2,200 a 2025, na waɗanda ba su kai 17 ba ne. Abin da ya rage wa manyan 'ya'ya dala 500 ce, kuma daidai take ko ta wace ƙofa aka shigo. Harajin da ake bin ki kawai take ragewa, ba a biyan ki ita a hannu idan ba a bin ki komai.

A ganina dala 500 ɗin ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da 'yarki ke kawo miki. Da yake ba ki da aure kuma ke ce kike biyan fiye da rabin kuɗin gida, ita ce za ta ba ki matsayin mai riƙe da gida, inda a 2025 ake cire miki dala 23,625 kafin a fara lissafin haraji, maimakon dala 15,750 ta mutum shi kaɗai. Ga rangwamen karatu na American Opportunity, har dala 2,500 a shekaru huɗun farko na jami'a, wanda ake iya mayar miki da dala 1,000 daga ciki ko ba a bin ki haraji. Wanda ya sa ɗalibi a takardarsa shi ke karɓar wannan, da fam 8863 da takardar 1098-T da makaranta ke bayarwa. Idan samunki bai yi yawa ba, tana kuma iya shiga lissafin rangwamen masu ƙaramin albashi, wanda babba da ya shigo ta ƙofar dangi ba ya shiga ko kaɗan.

Abin da ya fi ɓata wa iyaye aiki shi ne rashin magana da yaran. 'Yarki za ta cike tata takardar don ta karɓo harajin da aka cire a albashinta, kuma tana da hakki. Amma akwai akwatin da ke cewa wani zai iya sa ta a tasa takardar, dole ta yi masa alama. In ta riga ki turawa ba ta yi ba, na'urar IRS za ta iya dawo da taki saboda lambar shaida ta Social Security ɗaya ta bayyana sau biyu, sai 'yar ta koma ta gyara da fam 1040-X, ke kuma kuɗinki ya makale ana jira. Ki kira ta tun kafin takardar albashinta ta shekara, wato W-2, ta iso hannunta. Ɗanki shi kuma ya cike tasa shi kaɗai, kuma in kai saƙon nan ba albashi ba ne, aikin kansa ne, ribar dala 400 ta isa ta wajabta masa cikewa.

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman. Na farko aure: in Allah ya kawo wa 'yarki miji a cikin shekara, suka cike takarda ɗaya ita da shi, ba za ki sa ta ba, sai dai idan sun cike ne kawai don karɓo abin da aka cire musu. Na biyu 'ya'yan da ke gida. Da yawanmu muna aika kuɗin makaranta da na abinci Kano ko Damagaram ko Kumasi kowane wata, kuma Allah ya san mu ne ke ɗauke da su. Amma dokar ta ce sai wanda yake ɗan ƙasar Amurka, ko mazauninta a idon haraji, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Duk mai cike haraji da ya ce miki zai cusa sunan yaron da ke Najeriya ba shi da takardun Amurka don kuɗinki ya ƙaru, ki tashi daga ofishinsa. Ke za a bi da tara da kuɗin ruwa, kuma ga mai neman takardar zama ɗan ƙasa, tarihin haraji na cikin abin da ake dubawa.

Kada kuma hankalinki ya tashi kan inshorar lafiyar ɗanki. Zamansa a inshorarki ta wurin aiki har ya kai 26 ba shi da alaƙa da sa shi a haraji. Duk waɗannan sharuɗɗa suna cikin littafin IRS mai lamba 501, da jadawalin lissafin nauyi a ciki. In kina son wanda zai zauna da ke, shirin masu aikin sa kai na VITA yana cike wa masu ƙaramin samu da matsakaici kyauta. Ki tafi da 1098-T, da takardar bashin karatun 'yar, da rasit ɗin haya, kafin 15 ga Afrilu.