Daga Bordo: har ƙamshin inabinsu sun zuba a waya

'Yan uwa, kun sha tambayata yadda karatun noma yake a Faransa. Yau labarin hanci zan ba ku.

Garin Bordo kewaye yake da gonakin inabi, kuma kusan duk giya ake yi da shi. Ni ba na sha, abokan karatuna sun sani, ba wanda ya taɓa matsa mini. Ran da aka kai mu wata gona, mai gonar ya fito da akwati mai 'yan kwalabe 54. Babu giya a ciki, kowace kwalba ƙamshin abu guda ce: lemon tsami, zuma, kanumfari, fata, hayaƙi. Wata 'yar ajinmu ta buɗe manhaja a wayarta. Waya ba ta jin ƙamshi, kai ne za ka shaƙa, ka zaɓi abin da ka ji a jerin da ke ciki, ita kuma ta faɗa maka irin inabin da ke ba da wannan ƙamshin. Ɗanyen tattasai da wani baƙin ɗan itace da suke kira kasis, ta ce Cabernet Sauvignon. Furen wardi da wani ɗan itace mai zaƙi da ake kira lici, Gewurztraminer na yankin Alzas. Masoro, Syrah.

Da aka miƙo mini kwalaben, wallahi kamar an zaunar da ni a madafin Inna. Kanumfari, masoro, kirfa, tun kafin su iso hancina na faɗe su. Ana ta mamaki. Malaminmu ya ce sinadarin da ke ba da ƙamshin masoron nan a 2008 masu bincike a Ostireliya suka gano shi, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jinsa sam. Shi ɗanyen tattasan kuwa alama ce ta inabin da bai gama nuna ba, don haka manomi da hancinsa yake sanin ko ya yi gaggawar yanka. Abin ya burge ni ƙwarai. Sanin da ke kan tsofaffinsu sun rubuta shi, sun ba kowane ƙamshi suna, sun binciko dalilinsa, yau ɗan shekara ashirin yana koyonsa a cikin jirgin ƙasa.

Sai mai gonar ya juyo ya ce, ku a Nijar me kuke da shi haka? Na ce albasar Galmi. Ya san ta! Ya tambaye ni wace hukuma ce ke tabbatar wa mai saye a Abijan ko Akara cewa buhun da ke gabansa daga Galmi ya fito. A nan na yi shiru, raina ya ɓaci. Su tun 1935 suke da hukumar da ke tsare sunan kowane yanki, ba ka isa ka rubuta Bordo a kwalba ba sai gonarka na cikin iyaka kuma irin da aka yarda da shi ka shuka. Ko a kanti, tuffa da dankali suna ɗauke da sunan iri da ƙasar da suka fito. Mu kuwa buhu ne ba rubutu, manya a sama, ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa. Iri kuma kowa ya gauraya yadda ya ga dama, ka yi magana a ce ai duk albasa ce. Har wani kamfanin iri na waje ya taɓa neman yi wa 'yar Galmi rajista da sunansa, sai da manoma suka tashi tsaye. Zuma a zuba mata sukari, man shanu a haɗa shi da wani mai, yaji a cika shi da gari. Wa muke cuta in ba kanmu ba?

Kada ku ɗauka komai nasu ya fi namu. Tumatirin babban kanti a lokacin sanyi ja ne jawur, ka yanka ba ƙamshi ba ɗanɗano. Albasarsu sai ka zuba uku kafin miya ta san an sa mata wani abu. Akwatin kwalaben nan kuɗinsa ɗaruruwan yuro ne, alhali wasu daga abubuwan da ke ciki suna cikin kwanon kayan yajin kowace uwar gida a Tawa. Ina kewar daddawa tana tafasa, ina kewar kilishi da aka ɗauke daga wuta yanzu.

Abin da ke damuna shi ne masu wannan sani a wajenmu suna tsufa. Inna tana shinshina man shanu ta gaya maka na damina ne ko na rani. Baba yana murza albasa a hannu ya ce wannan za ta yi ajiya, waccan a sayar da ita cikin mako. Ba wanda ya zauna ya rubuta. Matasanmu da suka iya haɗa manhaja suna nan a Yamai da Maraɗi da Kano, ƙungiyoyin manoman albasa ma suna nan. Ni dai in Allah Ya kai mu hutu, zan zauna da Baba da waya a hannu, in ɗauki bayaninsa iri bayan iri, mu fara da na gonarmu.