Sanda mai shokin ko kwagirin asibiti? Kwagirin za ki saya wa Baba

Wa alaikumus salam, Hajiya. Cikin biyun da kika sa hotonsu kina tambayar wanda ya fi dacewa da Baba, wato sandar nan mai shokin da tocila da kuma kwagirin asibiti, kwagirin za ki saya. Duka biyun suna gidanmu yanzu haka. Ɗaya kullum yana hannun mahaifinmu, ɗayar kuwa tana bayan ƙofar sito, kusa da tsohuwar fanka.

Kwagirin shekararsa huɗu ke nan a hannun namu Baban. Na alminiyam ne, mai ƙofofi a jiki da ake ƙara tsawo ko a rage, da roba mai kauri a ƙasa. Lokacin da gwiwarsa ta dama ta matsa masa muka kai shi wajen masu gashin ƙashi, a can aka auna masa. Aka ce ya miƙe da takalmin da ya saba fita da shi, ya saki hannuwansa, aka daidaita mariƙin daidai wuyan hannunsa, yadda in ya riƙe gwiwar hannun za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Sannan aka ce da hagu zai riƙe. Nan fa Baba ya ce bai san zancen ba: "Dama ke min ciwo, kai kuma ka ce hagu?" Sai da yaron da ya auna masa ya yi ta zagaya ɗakin da shi yana nuna masa cewa sanda da ƙafa mai ciwo tare suke takawa, ɗaya ta nan ɗaya ta can, su raba nauyin. Daga baya ma abin ya yi masa daɗi, don hannun dama ya samu sukunin gaisawa da mutane a hanya, kin san tsofaffinmu da musabaha.

Ranar da na san kuɗina bai tafi a banza ba, cikin damina ce. An kwana ana ruwa, wurin alwalar masallacinmu kuwa tayil ne, ga santsin gansakuka a gefen kwata. Silifas ɗinsa ya zame, jikinsa gaba ɗaya ya tafi, sai ya sakar wa kwagirin nauyinsa. Robar ta kama ƙasa, ƙarfen bai lanƙwashe ba. Hularsa kaɗai ta faɗa kwata. Ya dawo gida yana dariya, da jiƙaƙƙiyar hula a hannu, mu kuwa cikinmu ya ɗuri ruwa, don maƙwabcinmu sa'ansa faɗuwa ɗaya ya yi a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye, bai sake taka ƙofar gida ba. Tun ranar Baba ya raɗa wa kwagirin suna Auta. Ya kai shi wajen baduku aka naɗe mariƙin da jar fata, yana rataya carbinsa a jiki, da shi yake ƙwanƙwasa ƙofar abokin tafiyarsa da asuba, da shi yake korar awaki daga shukar gidan. In muka yi jinkirin zuwa gaishe shi sai ya ce Auta ya fi mu amfani, shi ba ya cewa yana da mitin.

Kada ki ga kamar faɗuwa ƙaramin abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ke rasuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma 'yan sama da shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Ɓarawo wata rana ne, santsi kuwa kullum yana nan, a banɗaki, a bakin rijiya, a matakalar masallaci.

Mai shokin ɗin ni na jawo ta da kaina, ba wanda ya aike ni. Lokacin da ƙwacen waya ya yi ƙamari a Kano hankalina ya ƙi kwanciya da fitar asubar Baba, na roƙi wani abokina da zai dawo daga Amurka ya taho min da ita a cikin kaya, a kan kuɗin da zai sayi kwagiri da yawa. In za a faɗi gaskiya, tocilarta tana da haske, kuma ƙarar tas-tas ɗin da take yi tana korar kare. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Abin da ban yi tunani ba kafin in saya shi ne wannan: ba harbawa take yi daga nesa ba, sai an manna ta a jikin mutum an danne maɓalli. Ƙarafan da ke ba da wutar suna can ƙasa kusa da robar. Ke nan dole tsoho ya ɗaga sandar da yake dogarawa daga ƙasa, ya tsaya a kan ƙafar da ke masa ciwo, ya kai ta jikin yaro ɗan shekara ashirin, ya riƙe ta a nan, alhali yaron yana motsi kuma wataƙila ba shi kaɗai ba ne. Daidai lokacin da ya fi buƙatar ƙafarsa ta uku, lokacin za ta bar ƙasa. Ɗan turi kaɗan ya isa. In kuma aka fizge ta, an ba ɓarawo abin da bai zo da shi ba. Ga riga mai kauri tana rage mata ƙarfi, ga ƙasan nata shi ke shiga taɓo da ruwa kullum, ga caji, kin kuwa san halin wutarmu. Sati uku Baba ya yi da ita. Ranar da na shigo na tarar da jikansa ɗan shekara biyar ya gano maɓallin kunnawa yana bin kaji da ita a tsakar gida, ranar ta koma sito. In kuma akwai wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a gidanku, to kada ma ta shigo.

Kin ce naku Baban yana zuwa Umra. Kwagiri ana duba shi a filin jirgi a miƙo masa abinsa. Mai shokin ba ta shiga cikin jirgi a hannun fasinja. A Amurka, inda aka fi sayar da ita, yawancin jihohi sun halatta, shi ya sa tallarta ta cika intanet kamar kayan wasa. Ingila kuwa dokar makamai ta 1968 ta sa irin waɗannan na'urori cikin haramtattun makamai, wadda aka ɓoye cikin siffar wani abu daban, kamar tocila ko waya, hukuncinta yana farawa daga ɗaurin shekara 5 sai in akwai uzuri na musamman. Kada a zo a kai tsoho ganin likita a dawo da labarin kotu.

Ba ki tambaya ba, amma bari in ja kunnenki a kan masu sayarwa, tunda na ga hoton da kika sa an rubuta bolt miliyan goma, wato ƙarfin wutarta, a jikin kwalin. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, amma da kunya nake faɗa, miliyan ɗayan da ke jikin nawa kwalin shi ya ruɗe ni. Wuta tana tsallake busasshiyar iska da kimanin bolt 30,000 a kowace santimita. In tsakanin ƙarafan biyu santimita biyu ne, da ta kai wajen 60,000 tartsatsi zai tsallaka, ba ta da hanyar hawa sama da haka. Miliyoyin nan lamba ce kawai ta jan ciniki, kowane mai kwali yana ƙara sifili don ya wuce na kusa da shi. Sannan akwai masu cewa ki tura kuɗi tukuna kaya suna hanya, da masu ɗauko hoton wata su kawo miki wata, marar sunan kamfani, marar takarda, batirin ya kumbura cikin wata biyu, lambar wayarsu kuma ta daina shiga. Ko a kwagirin ma akwai algus. Akwai mai naɗewa gida huɗu da igiyar roba a ciki, na banza daga cikinsu yana kaɗawa a mahaɗa. Akwai na ado mai kan zinariya wanda ango ke riƙewa ranar biki, ba a yi shi don ɗaukar nauyin mutum ba.

Ki je shagon kayan asibiti da ƙafarki, in da hali ki tafi da Baba. Ki duba nauyin da aka rubuta yana ɗauka ya zarce nasa, ki danna shi ƙasa da ƙarfinki ki ji ko zai yi ƙara ko motsi. In jiri yana ɗibarsa ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, likitansa zai iya cewa mai ƙafa huɗu a ƙasa ya fi masa, ki bi maganarsa.

Batun tsoron hanya kuwa, abin da muka yi wa namu shi ne: waya tana kwana a gida in zai fita asuba, ba ya tafiya sai da maƙwabcinsa, mun ɗaura masa usur a mariƙin kwagirin, da 'yar tocila mai batir a aljihu. Sau ɗaya ya taɓa busa usur ɗin, da ya ga wasu yara biyu sun tsaya a bakin lungu ba su da alamar masallata. Kafin 'yan sintiri su ƙaraso sun yi gaba.

In kin saya, ki haɗo da robar ƙasa guda biyu ta ajiya. Tana cinyewa ta gefe ɗaya ba a lura ba, mu duk farkon damina muke canja wa Auta tasa.