Sharhi kan ƙaramin jirgin Hornby na TT:120, da kan jirgin da har yanzu nake jira

Gidan da muke haya a Leeds ba shi da yalwa, shi ya sa na daɗe ina kallon ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo a shaguna ina wucewa. Ma'aunin rage girman jirgi da ya fi karɓuwa a Ingila, wato OO, yana buƙatar fili mai yawa, ni kuwa ban da wurin da zan shimfiɗa masa dogo. Na N kuma ya yi wa idona ƙanƙanta. Da kamfanin Hornby ya fito da ma'aunin TT:120 a ƙarshen 2022, sai na ga an zo daidai wurina. Na sayi kwalin da suka sa wa suna The Scotsman, kuma yanzu ya haura shekara a hannuna.

A cikin kwalin akwai kan jirgi mai tururi, kore shar, samfurin A1 mai suna Blink Bonny, ɗan gida ɗaya da Flying Scotsman da aka ƙera a Doncaster a 1923 bisa zanen Nigel Gresley. Sai taragun alfarma na Pullman, da dogo mai zagaye, da na'urar ƙara gudu da ragewa. Na kafe dogon a jikin wani tsohon ƙyauren ƙofa da na shafe da fenti, in mun gama sai in jingine shi bayan kujera.

Abin da ya fi kama min hankali shi ne yadda jirgin yake zaune a kan dogonsa. An rage komai sau 120, faɗin dogon kuma milimita 12 ne. In ka ninka, za ka samu 1,440, dab da milimita 1,435 na dogon gaske. A OO ba haka abin yake ba: jikin jirgin an rage shi sau 76, amma dogon milimita 16.5 ne, wanda asalinsa na ma'aunin HO ne da ya ɗan fi OO ƙanƙanta, don haka ƙafafun sun ɗan matse a ƙarƙashin jiki. Wanda bai saba ba ba zai lura ba. Amma ka durƙusa, ka sa idonka daidai da dogo, ka bar Blink Bonny ya taho a hankali, sandunan gefensa na hawa da sauka kamar gwiwar mai daka, za ka ga bambancin. Tafiyarsa a ƙaramin gudu sumul take, kuma ba ya damun maƙwabta da ƙara. Sai dai yana son tsabta. Makon farko a kan kafet na shimfiɗa dogon, zare ya naɗe masa a ƙafa ya fara tsayawa, na kwashe rabin dare da ɗan hantsaki ina tsincewa. Tun daga nan nake goge dogon da ƙyalle kafin in kunna.

Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma ƙananan sassansa ba na hannun yaro ba ne. 'Yata mai shekara shida tana riƙe na'urar gudu, ɗora jirgi a kan dogo kuwa aikina ne.

To, ga inda zuciyata take. Lokacin da na saya, yawancin abin da ke akwai a wannan ma'auni manyan jiragen alfarma ne, irin su A4, dangin Mallard da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938. Suna da kyau, babu musu. Amma ni jirgin talakawa nake so, irin Pacer mai jikin bas da ya yi shekaru yana jigilar ma'aikata a arewacin Ingila kafin a sallame shi. Masu OO da masu N sun samu nasu, mu muna ta zuba ido. Na san sabon ma'auni sai a hankali yake cika, tunda kowane sabon samfuri sai an kashe kuɗi mai yawa wajen yi masa mazubi.

Wanda na fi ƙwallafa rai a kansa kuwa ba na Ingila ba ne, ko da yake a nan aka ƙera shi. Kakana ma'aikacin reluwe ne a Zariya, kuma a ɗakin mahaifina akwai hotonsa tsaye gaban wani baƙin kan jirgi mai cin kwal, samfurin River, waɗanda aka fara ƙera wa Najeriya a 1948 aka raɗa musu sunayen koguna. Ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, biyu a baya. Wannan hoton ne ya sa min son jirgi tun ina yaro. Tsohon dogon Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. In ka raba da 120 za ka samu kusan milimita 9, daidai faɗin dogon N. Wani dattijo a ƙungiyar masu wannan sha'awa da nake zuwa shi ya nuna min lissafin a bayan ambulan, ya ce haka mutanen New Zealand suke yi, tunda dogonsu faɗi ɗaya ne da namu. Ke nan dogon yana nan a kasuwa, tasoshi da mutane da motoci na 1:120 suna nan. Kan jirgin kawai ya rage.

Ga mai ƙaramin ɗaki da ke son jirgin Ingila mai kama da na gaske, ina ba shi shawarar wannan kwalin ba tare da wata-wata ba, muddin zai iya haƙurin jiran sababbin samfura. Ni dai na riga na sayi dogon milimita 9 guda shida da tsohon kan jirgin N mai manyan ƙafafu takwas, dattijon nan kuma ya yi alkawarin taimaka min a buga jikin River da injin ɗab'i na 3D. Ranar Juma'a na kira gida na ce, "Baba, don Allah a ɗauko min hoton nan da waya, a matso kusa da lambar da ke jikin jirgin." Ya ce sai ya nemo tabaransa, amma yana tuna sunan kogin.