Ɗan gida ko ɗan kwangila: ina zama ya fi daɗi a sashen kwamfuta?

Ɗan uwa, ka ce an yi maka tayin aiki biyu. Ɗaya a sashen kwamfuta na wani kamfani kai tsaye, ɗayan ta hannun kamfanin kwangila da zai tura ka wani babban kamfani, kuma albashinsa ya ɗan ɗara. Tambayarka ita ce wanne ya fi daɗin zama da abokan aiki.

Fara da katin da za ka rataya a wuya. A Microsoft, ɗan gida shuɗin kati yake sakawa, ɗan kwangila kuma mai ruwan lemo. A Google na 'yan kwangila ja ne, kuma a 2019 an ruwaito cewa sun kai 121,000, alhali 'yan gida 102,000 ne. A lokacin sun fi yawa, amma ba a barinsu shiga babban taron da shugabanni ke yi da ma'aikata. Ba ƙiyayya ce ta kawo haka ba, tsoron kotu ne. Wasu 'yan wucin gadi da suka shekara da shekaru a Microsoft sun kai ƙara cewa ai su ma 'yan gida ne, a 2000 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 97. Tun daga nan lauyoyi suka ja layi, kada a yi wa ɗan kwangila abin da zai sa ya zama kamar ɗan gida. Teburi ɗaya, shayi ɗaya, amma kowa ya san matsayinsa.

Inda bambancin ya fi ciwo shi ne ranar da sabar, wato babbar kwamfutar da aikin kamfani ya dogara a kanta, ta tsaya cak. Ɗan gida zai iya cewa, "Ni na yi kuskuren, ku zo mu gyara." Ɗan kwangila ba shi kaɗai kuskuren ke hawa ba, har kamfaninsa, domin yarjejeniya ta ƙayyade sa'o'in gyara da tarar da za a ci su. Sai ka ga kowa na tara imel don wanke kansa. Abin da a da za ka leƙa teburin abokinka ku warware cikin minti biyar, yanzu sai an buɗe tikiti, wato an shigar da matsalar a rubuce, an jira layi. In rabin tawagar na New York, rabi kuma na Bangalore, Indiya, wadda ke gaban New York da sa'o'i tara da rabi ko goma da rabi, tambaya ɗaya kan kwana kafin amsa ta zo. Kuma da wuya mutum ya ce wa wanda ke biyan kamfaninsa "wannan tsari ba zai yi ba".

Kada ka ɗauka ɗan gida barci yake da minshari. A farkon 2015 Disney ta sallami ma'aikatan kwamfuta kusan 250 a Orlando ta Amurka, wasunsu sai da suka koya wa waɗanda za su gaje su, waɗanda kamfanin HCL na Indiya ya kawo. Duk ofishin da irin wannan labari ya shiga, tsofaffin hannu sukan fara rowar sani, don kowa na ganin saninsa ne garkuwarsa. Gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ai ka shafa wa naka ruwa.

Kwangila na da nata amfanin: cikin shekara uku za ka taɓa tsare-tsaren da ɗan gida sai ya shekara goma bai gani ba.

Ni dai da ni ne, in har bambancin albashin bai taka kara ya karya ba, na gida zan ɗauka. In kuwa kwangilar ka zaɓa, kafin ka sa hannu ka tambaye su wa zai auna aikinka a ƙarshen shekara, kuma in kwangilar ta ƙare, za a ci gaba da biyanka kafin a samo maka wata ko kuwa sallama ce.